Yajin Baba a Farasan

Jizan, Talata

Yaya Dela,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ƙafar tana sauƙi. Na rubuto ne tunda kunnenki ba ya shiri da kiran waya.

Na iso Jizan lafiya, kwana biyu a kan babur daga Jidda. Bayana ya yi tsami, amma wallahi Yaya ban taɓa jin daɗi irin wannan ba. Teku a hannun dama, iska tana dukana, ni da na shekara ashirin ina gasa agashe, tsiren nan namu, a rumfar wani a unguwar Sharafiyya ta Jidda. A Ƙunfuza wani dattijo ya ga gwangwanin yajinki ɗaure a ƙirjina, ya tambaye ni ko jariri ne na ɗauko.

Gobe zan shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Farasan. Muath, abokin nan nawa ɗan tsibirin, ya ce daren Alhamis titinsu ba ya da masakar tsinke. Idan mutane suka so gashina, zai zama kafilina mai tsaya mini a hukuma, ya ba ni rumfa ta kaina a titin. Idan ba su so ba, in komo wa maigidana da kunya. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Abduljalil

Sharafiyya, Laraba

Abduljalil,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, hankalina ne bai kwanta ba. Mutum da furfura a gemu ya haye babur ya nufi tsakiyar teku. Gidan ya yi mini shiru tun da ka tafi, gara in faɗa maka gaskiya.

Ka ji sharaɗina. Yajin nan na marigayi Baba ne, tun daga Gadarif ta Sudan ya taho da shi Jidda. Naman sa ya sani, sai ko na rago. Yini biyu na yi ina dakan ƙuli-ƙulinsa. Kada ka bari ya jiƙe, kada ka gaya wa kowa abin da ke ciki, kada kuma ka zubar masa da mutunci a kan abin da bai saba ba.

Allah ya tsare.

Yayarka,
Dela

Farasan, Juma'a

Yaya Dela,

Sallama da gaisuwa. Ki zauna kafin ki karanta.

Na tafka wauta. Ban tambayi Muath batun nama ba, shi kuma a zatonsa komai ake gasawa a agashe. Da la'asar na ce ina naman, sai ya buɗe mini akwatin ƙanƙara, kifi zalla. Mahaucin unguwar ya riga ya rufe. Bayan isha titi ya cika maƙil, ga fitilu, ga masu shayi, ga makaɗa, iyalai sun baje tabarmi. Ni kuwa ga wuta ga tsinke, ba nama. Na so in hau babur in gudu, sai na tuna a tsibiri nake.

Na yanka kifin, na soke, na barbaɗa yajin Baba ina neman gafararsa a zuci. Wata tsohuwa ce ta fara saye. Ta ci, sannan ta ce, "Shekara saba'in ina cin kifin nan, yau na san shi." Shi ke nan Yaya, layi ya kai har wurin mai shayi. Gwangwani ya ƙare tas, ni kuwa dariya nake kamar yaro.

Muath ya ce rumfa tawa ce. Na ce masa sai abin da kika ce, don na saɓa miki, kuma ba ni da yaji in ba naki ba. Ina son wurin nan ƙwarai. Amma in kin ce a'a, zan dawo.

Ƙaninki mai laifi,
Abduljalil

Sharafiyya, Asabar

Abduljalil,

Ina amsa gaisuwarka. Na karanta, na yi ta faɗa ni kaɗai har maƙwabta suka leƙo. Da na huce na sayo kifi, na gwada da ragowar yajin da ke gida. Ashe Baba bai ƙi kifi ba, teku ce babu a Gadarif. Na yi ɗan kuka, na cinye.

Ka karɓi rumfar. Yajin ba ya son doguwar tafiya, don haka da turmina zan taho. A bas zan zo Jizan, ba ni da irin haukanka. Amma daga bakin jirgi zuwa titin nan naku, ka goge mini bayan babur.

Sai na iso.

Yayarka,
Dela