Lemar da ta jiƙa dardumar Inna

Assalamu alaikum ƙanena Aminu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Maryam da yara. Yaya aiki, yaya zafin Legas? Mu nan Rikkos alhamdulillahi, sai sanyi.

Hitar ruwan zafin da ka sa wa Inna a banɗaki ce ta tayar mana da hankali. Ranar Talata na ɗaga dardumarta zan yi shara, sai na ji ƙarƙashinta a jiƙe, lema na fitowa ta gindin bangon banɗakin. Na ce ko ruwan masai ne. Inna ta ce, "Bilki, sallar kwana nawa ke nan zan rama?" Ranar ko tuwo ba ta taɓa ba.

Na kashe wutar hitar, na kira Malam Dauda mai gyaran famfo. Ya bi lemar har gindin tankin hitar, ya ce robar bakin bututu ce ta cinye, ruwan kuma mai tsarki ne. Inna ta ce sai ta gani da idonta. Na riƙe ta muka shiga, ta tara hannu, ta duba, ta sansana. Sai ta yi murmushi ta ce, "Ashe ruwan alwalata ne ya biyo ni ɗaki."

An canza robar, yanzu ko ɗigo babu. Dardumar dai sai da ta sa na wanke.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaida Maryam da yara. Inna kullum ta yi alwala da ruwan ɗumi sai ta sa maka albarka.

Yayarka,
Bilkisu