Goro Ƙwarya Huɗu, Kujera Ɗari da Hamsin

Litinin, 5 ga Mayu 2025

Ɗiyata Rumaisa'u ta kira daga Yamai. Lakkwal, wato makarantar kasuwanci ta jami'a inda take aiki za ta yi taro nan Dogon Dutsi ran 17 ga wata, kuma ita ce mai shirya shi. Aikinta ke nan can: kama zauren taro, buga takardun talla, sa sanarwa a rediyo, tsara wa zai yi magana bayan wa. Ni da na tsaya aji biyar, ga shi na haihi mai gaya ma manyan malamai lokacin da za su yi shiru.

So suke 'yan ajin ƙarshe na lise, wato sakandare, da iyayensu su san lakkwal ɗin, in yara sun ci bak, jarrabawar ƙarshe, su yi rajista. Ita ta matsa ma shugabarta, Madam Christine, a zo Dutsi. Ta ce mata garinmu ne, zaure zai cika. Kujera ɗari da hamsin.

Sai da uwarta ta karɓi wayar sannan sauran magana ta hito. Wata shidan gwajin da aka ba ta zai ƙare ƙarshen watan nan. Taron wanga za a duba, a riƙe ta ko a sallame ta.

Ta ce mani, "Baba, kai dai ka zo ka zamna. Kada ka yi komi." Na ce to. Ladidi, uwar tata, ta yi mani kallon da take ma akuya in ta matso kusa da shanyar hatsi.

Laraba, 7 ga Mayu

Kati ɗari da hamsin ta aiko an raba. Mutum ashirin da uku suka amsa za su zo. Muryarta ta yi siriri a waya.

Shekara ashirin da biyu ina falanto, wato masinja, ina yawo da takardun biro, ofishinmu ke nan, gida gida. Na san inda takarda ke ƙarewa a garin nan. Na taɓa kai ma wani gayyata da sahe, da marece aka naɗe mani ƙosai cikinta, ga hatimin shugabanmu mai ya jiƙa shi. Yaran nan sun yi karatu, amma ba su san mutane ba.

Jumma'a, 9 ga Mayu

Na sayi goro ƙwarya huɗu, fari mai kyau, da alawa. Na ba Idi sankira, wanda duk biki da suna na unguwarmu bakinsa ke kai labari. Na ce ya bi Dutsi, ya leƙa Matankari da Dumega, in ya samu mota har Geceme. Na yi mashi bayani filla-filla: taron lakkwal ne, na ɗiyata, Asabar ta sama, ƙarhe tara. Na sa ya maimaita sau biyu.

Wanda ya ci goronka ba ya ƙin zuwa. Wannan ba a koyar da shi a jami'a.

Ban gaya ma Ladidi ba. Ba ɓoyo nake ba, lokaci ne bai samu ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Tun hantsi mata ke sallama. Ta farko da tabarma, ta biyu da kwanoni. Ta uku Barira ce, yayar Ladidi, daga Dumega bisa kabu-kabu, da ƙaton kwanon samira a cinya da hushi cike da ido. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Ni za a aiko ma goro awa baƙuwa? Wane ne yaron? Ɗan gidan wa?"

Ladidi ta ce wane yaro.

Na je na kamo Idi. Ya rantse ya faɗi maganar lakkwal a kowace ƙofa, kuma na yarda da shi. Amma ya ce, "Malam Sha'ibu, uba ya aiko farin goro da sunan ɗiya budurwa. Kana jin akwai wanda ya saurari abin da na ce bayan goro ya shiga hannu?"

Shekarata sittin da ɗaya a Arewa. Na san wannan tun ina yawo ba wando. Ina hankalina ya tahi ran Jumma'a?

Litinin, 12 ga Mayu

Hura ba nono. Ladidi ba ta ce komi ba, hurar ta ce.

Talata, 13 ga Mayu

Na hau moto in gyara ɓarna. Gidan farko a Matankari na ce ba aure ba ne. Maigidan ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Ashsha, an fasa? Allah ya musanya da mahi alheri." Na ce ba a fasa ba, dama babu. Ya ce, "Haka ake cewa, Sha'ibu. Ka yi daidai, a ruhe ma yarinya asiri."

Gida na huɗu na juyo. Yanzu labari biyu ke yawo. Waɗanda suka ji na farko za su zo biki, waɗanda suka ji na biyu za su zo ganin idon wadda aka fasa aurenta. Duk za su zo. Talla dai ta ci, wannan ba mai ƙwace mani shi.

Na ɗauki waya sau uku in kira ta. Sau uku na duba lokaci na mayar aljihu.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ta iso da motar azahar, da kwalaye na takardun talla da wani allo mai naɗewa mai hoton ɗalibai suna dariya. Tana sa ƙafa zaure Barira ta rangaɗa guɗa, wai ko ba aure ita dai ta riga ta zo da ita.

Ladidi ce ta yi bayani. Ni ina gyaran sarƙar moto wadda ba abin da ya same ta.

Ta zo ta durƙusa ta gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, sannan ta ce, "Baba, goro nawa?" Na ce ƙwarya huɗu. Ta ce, "Ɗari huɗu. Kowane goro gida guda." Ta ƙara da cewa, "Kujera ɗari da hamsin gare ni, kowace da sunan mai ita."

Na ce to ai ko ba komi ba za a ga kujera wohi ba. Ba wanda ya yi dariya. Ni ma rabi na yi.

Da ta yi kuka da ya hi mani sauƙi. Sai ta hiddo takardarta ta ci gaba da kiran mutane a waya, muryarta sumul.

Jumma'a, 16 ga Mayu

Na je zauren taro in kama masu jera kujeru. Ta ce, "Bar shi, Baba, an gode." Irin godiyar da ake ma mai kawo ruwa.

Kahin in hita na ga layin gaba. An manna takarda bisa kowace kujera. Ta uku daga dama: Sha'ibu Maizumbu. Gab da ta Madam. Ni da na ƙare aiki ina tsaye bakin ƙofar taro riƙe da jakar wani.

Tela ya kawo rigar da na ba shi ɗinki don taron. Ta yi kyau, abin haushi.

Asabar, 17 ga Mayu

Bayan la'asar nake rubuta wannan, ƙafafuna cikin ruwa.

Ƙarhe takwas zaure ya cika. Ba da masu kati ba, da mutanena. Dattawa sun tuɓe takalma sun zamna layin gaba bisa sunayen mutane. Mata da goyo sun cika baya. Masu kalangu biyu da ban kira ba sun kama bakin ƙofa. Ɗalibai kuwa, waɗanda don su aka yi abin, suna tsaye cikin rana da katinsu a hannu, kuma sun hi ashirin da uku nesa ba kusa ba. Ashe sanarwar rediyon da ta sa ta yi aiki. Ashe ba ta bukatar goron kowa. Na ga wasu 'yan mata uku sun gaji sun juya gida.

Madam Christine na saukowa mota wani maroƙi ya tare ta da kirarin uwar ango. Babban ɗan kasuwar da aka ɗauko daga Yamai don ya yi jawabi ya leƙo, ya koma mota ya ja gilashi.

Ina kusa lokacin da Madam ta tambaya da Faransanci wa ya kira waɗannan. Yau na yi da-na-sanin kaiwa aji biyar, don duk na ji. Rumaisa'u ta ce, "Ni ce, Madam. Laihina ne."

Ban san lokacin da na hau dandamali ba. Na karɓi makarho, ya yi ƙara awa an taka kyanwa. Na ce jama'a, ba a ɗaura aure ba, ba a kuma fasa ba. Ɗiyata aiki take, ni ne na yi wauta. Na ce duk wanda goro ya kawo shi, baƙona ne, gidana ne wurinsa, kujerun nan na yaran da ke waje ne.

Ba wanda ya motsa. Malam Yazid, wanda da shi aka yi mani suna, yana zamne daidai bisa kujerar Madam. Ya ce, "Sha'ibu, ka kira mu da goro, ka tashe mu da lasifika?"

Na sauko na durƙusa gabansa da sabuwar riga, gaban ɗalibai, gaban Madam. Na ce, "Baba, ka yi mani rai. Abincin yarinyar nan ne bisa kujerar da kake." Ya daɗe yana kallona. Ya nemi takalmansa. Da ya tashi sauran suka tashi.

Haka na jawo su cikin gari, ni gaba, kalangu baya. Ashe amarya dai akwai ta, ni ce.

Na iske tukwane biyar bisa wuta. Ladidi da Barira tun Alhamis suka shirya, ba su gaya mani ba, lokaci ne bai samu ba. Ragon layya ya riga Salla tahiya.

An buɗe taro sha ɗaya maimakon tara. Ɗan kasuwar ya yi minti goma ya kama hanya. Jawabin ɗiyata kuwa, ko kalma ɗaya ban ji ba. Ina gida ina zuba ma mutane miya.

Lahadi, 18 ga Mayu

Ta tahi da motar sahe. "A yi mana addu'a, Baba." Shi ke nan.

Ladidi ta ce cikin baƙina waɗanda ke da yara a lise wasu sun koma zauren, sun karɓi takardar rajista. Na so in aika mata wannan labari. Sai na tuna 'yan matan nan uku da suka juya.

Alhamis, 22 ga Mayu

Shiru daga Yamai. Shiru daga sama, hadari ya taso ya watse.

Na je gaida Malam Yazid karo na biyu. Yau ya amsa, amma bai ce in zamna ba. A majalisa sunana ya koma Uban Amarya. Ina taya su dariya, ta hi arha.

Ba na ci sosai. Zahi ne.

Asabar, 31 ga Mayu

Jiya aka kira Rumaisa'u biro. Ba a tabbatar da ita ba, ba a kuma sallame ta ba. An ƙara mata wata uku na gwaji. Akwai wani taro a Tibiri cikin Agusta, ita za ta shirya, amma an ɗora wani bisa kanta ya riƙa duba ta. Abokiyar aikinta da suka shiga tare an ba ta takardar zama dindindin. Wata ukun nan ni na saya mata su, da farin goro.

Uwarta ta gaya ma a waya. Sannan ta ce a ba ni.

Ta fara zancen Tibiri, wai ba ta san kowa can ba, tana tsoron zaure wohi. Ni kuwa na san Tibiri awa tahin hannuna. Akwai wani sankira can, har sunansa ya hau bisa harshena. Na ce, "Mi kike so in yi?" Ta ce, "Ka saurara kawai, Baba." Na saurara. Ladidi ta ce minti tara na yi ban katse ta ba, wai tun aurenmu ba ta ga haka ba. Ƙarya ce, na taɓa ciwon haƙori.

Bayan mun gama ta turo bidiyon jawabinta. Rabin Faransancin ya wuce ni. Zaure maƙil, yara har jikin bango a tsaye. Layin gaba duk da mutane, sai ta uku daga dama. Takardar na nan manne. Ladidi ta ce mutum biyu sun so su zamna, Rumaisa'u ta hana.

Na kalla sau shida, don in gane Faransancin ne.

Idi ya biyo da marece yana tambaya ko akwai aike. Na ba shi ragowar goron, guda bakwai, na ce ya ci shi kaɗai, kada ya faɗi sunan kowa.