Kakin Amyar Baba

Sabha, 9 ga Disamba 1976

Zuwa ga mahaifina Malam Djibo mai amya, a Matamaye.

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fata kana lafiya, da Inna da Talatou. Yaya ciwon gwiwar nan? Allah ya ƙara sauƙi.

Baba, labarin da ka ji gaskiya ne. Ba gini nake yi ba, abinci nake dafa wa mutum sittin a wurin gini na unguwar Sukra. Na kuma ji abin da ka ce, don Talatou ba ta riƙe magana: wai ka haifi namiji, Libiya ta mayar maka da shi mai ludayi. Maganar ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba.

To ludayin ma yana neman kuɓuce mini. A nan banzin, wato fetur, kamar kyauta yake, da shi kowa ke hura wuta. Makon jiya wuta ta lashe hannun wani lebura, sai mudir, wato shugabanmu, ya hana a kusanci murhu da banzin. Itacen da ake kawo mana daga Wadi Bawanis kuwa kututturen dabino ne, ya fi jaki gardama. Sau uku kamyo, babbar motar aiki, yana kwashe ma'aikata shayi bai tafasa ba. Mudir ya ce in aka yi na huɗu in naɗe tabarmata. A sa ni a addu'a.

Ɗanka, Barka.

Sabha, 2 ga Janairu 1977

Baba, ina gaishe ka da gida duka. Yaya sanyi?

Ban naɗe tabarma ba. Akwai Hamed, direban da ke kawo mana siminti daga Tarabulus. Na ga yana hura wutar shayinsa da 'ya'yan wani itace da yake tsinta a duwatsun arewa, sanobar suke ce masa. Girmansa kamar goruba, busasshe, jikinsa duk ɓawo a buɗe. Ya ba ni rabin buhu. Sanobar ɗin yana kama wuta nan take, amma kafin kututture ya ji ɗumi ya zama toka.

Sai na tuna yadda tsumman da kake tace kakin zuma da shi ke daɗewa yana cin wuta. Na bi ɗakunan ma'aikata na tattara guntayen kyandir, na zuba a gwangwanin tumatir, na ɗora kan wuta kai tsaye. Ka san sauran. Gira ɗaya ta tafi, mutane sun yi dariya har da riƙe ciki. Sau nawa ka ce mini kaki ba ya son ganin wuta ido da ido? Lokacin kunnen ƙashi ne da ni.

Karo na biyu na sa gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi, yadda kake yi. Na ɗaure kowane ɗan sanobar da zaren buhu, na tsoma cikin narkakken kakin, na rataye ya sha iska, na sake tsomawa. Ashana ɗaya, Baba. Guda ɗaya yana ci har kututture ya sallama. Yanzu shayi ke jiran mutane. Mudir da kansa ya tsuguna ya juya abin a hannu, ya tafi da biyar gidansa. Masu shayin bakin kasuwa ma sun fara zuwa tambaya.

Ga guda uku na ba Mamane, wani ɗan garinmu da zai sauka gida. Ina alfahari da su, kuma ina so ka gani da idonka.

Ɗanka, Barka.

Sabha, 20 ga Maris 1977

Baba, gaisuwa mai yawa. Na ji gwiwa ta yi sauƙi, alhamdu lillahi.

Mamane ya dawo da saƙonka. Ya ce ka shinshina, ka kankare da farce, ka ce kakin ya yi kauri a gindi, zaren ya yi gajere, kuma wannan ba kaki ba ne, warin kananzir yake. Na karɓa, duk gaskiya ne. Amma ya ce ka hura ɗaya a ƙofar gida gaban abokanka, ka hana kowa ya taɓa sauran biyun.

Sannan ya miƙo mini ƙunshin. Curi uku na kakin amyarka, wanda ko limamin gari ba ka ba shi kyauta. Na buɗe, ƙanshin gidanmu ya cika ɗakin girki, sai da na juya wa mutane baya na ɗan lokaci. Mamane ya ce magana ɗaya ka haɗa da shi: "A kai wa mai sana'a."

Na tsawaita zaren. Gobe da safe mutum sittin za su sha shayin da aka dafa da wutar kakinka, kuma zan gaya musu ɗan wane ne ya dafa.

A gaida Inna da Talatou. Allah ya ƙara maka tsawon rai.

Ɗanka mai ludayi, Barka.