Kitsen Shanu a Ƙofar Motar Baba

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin, a ɓoye sunana, rabin mahautan Trans-Amadi suna cikin gurup ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake.

Babanmu dillalin shanu ne a Fatakwal. Yana da wata tsohuwar mota da ta girme ni, ina jin ta girmi titin da take bi, kuma ya fi sonta a kanmu. Ciwonta ɗaya, gilashin ƙofar direba. Ka danna maɓalli yau, ya gama tashi jibi. Ruwan garin nan kuwa ba ya sallama, kafin gilas ya kai rabi Baba ya jiƙe har hula. Sai aka mai da ni injin gilas, yana dannawa daga ciki, ni ina waje cikin ruwa ina turawa da tafin hannu.

Mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota, a Mile 3 ya duba, ya ce injin lafiyarsa ƙalau, robar da gilas ke bi ce ta bushe, a fesa mata mai. Baba ya aiki Yayana ya sayo. Shi kuma ya ce wane feshi, ga kitse a kwata kyauta. A gabana ya narka kitsen shanu ya ɗura ta bakin gilas. Na ce, Yaya anya kuwa? Ya ce rufe min baki, ɗan tsito. Ranar gilas ya tashi kamar jirgi, Baba ya yi ta sa masa albarka, a zatonsa feshi ne.

Daga baya kitse ya daskare, mota ta ɗau wari, ƙudaje suna raka mu masallaci, 'yan okada suna toshe hanci. Ɓeraye suka shiga ƙofar suka cinye waya. Yanzu leda ce a madadin gilas. Da mai rewaya ya buɗe ƙofar ya ga kitse, duk gida aka juyo kaina, wai ni ne na taɓa sa wa akuya hular Baba. Yaya har da girgiza kai, wai yaron nan sai addu'a.

Hukuncin shi ne ba za a tafi da ni Kano Sallah ba, ni da ban taɓa ganin kakata ba sai a waya. Na rantse wa Umma, ta ce ta sani, amma in yi haƙuri, ba a kunyata babba, ga shi Baba ya fara bar wa Yaya ciniki. Shi kuwa Yaya ya ja ni gefe, wai in daure, zai kawo min tsarabar kilishi. Ɗan kwata fa, za a rufe wa baki da nama!

Jama'a, in tona shi a gaban Baba, ko in zauna gadin akuya suna can suna cin tuwon kakata? In kuma na tona, wa zai yarda da ni?