Kekenka da Na'urar Tsohon Soja

Assalamu alaikum Yaya Sule,

Gaisuwa mai yawa. Ya Ikko, ya aiki, ya iyali? Inna lafiya, sai fushi.

Yaya, na sayar da kekenka, na sayi tsohuwar na'urar gano ƙarfe wurin wani tsohon soja a kasuwar Maƙarfi, don in nemo azurfar da ake cewa kakanmu ya binne a gida. Ya ce, "Samari, duk inda kakanku ya binne azurfarsa, wannan za ta yi kuka." Macuci! Ai na gaya masa kakanmu maƙeri ne. Ko'ina a gidan kuka take. Kwana uku ina haƙa, kashin maƙera, wato dattin ƙarfe, kawai nake tonowa, har rumbun Inna ya karkace.

Azurfa babu, keke babu. Ka yi mini addu'a kafin ka zage ni. A gaida yara.

Ƙaninka,
Garba