Hulunan da Ba Su Je Kasuwa Ba

Samaru, daren Laraba, 1956

Yau na karɓo tabarau daga asibiti, mai kauri kamar gindin kwalba. Tun da aka cire mini yanar ido, sai yau na ga duniya sosai. Likita ya ce a Ingila har sun fara dasa gilashin a cikin ido. Ni wannan ma ya ishe ni.

Ina dawowa na shiga ɗakin ƙanena Sule neman zare. Na buɗe adaka, sai ga hulunan da na ɗinka da lalube tun da idona ya dushe, waɗanda yake cewa ana rububinsu a Sabon Gari. Na ɗaga ɗaya. Zane ya karkace, kore ya hau kan ja. Ko ɗan koyo ba zai yi wannan ba.

Na ce, "Sule, mene ne wannan?"

Ya sunkuyar da kai. "Yaya, gani na yi in ka ajiye allura, kwanciya za ka yi."

Ashe daga albashinsa na gonar gwaji yake biyana. Ashe matata Hajara ma ta sani, ita da ke cewa, "Malam, hannunka bai tsufa ba."

Na san alheri suka nufa. Amma ni fa da irin hular nan a kaina nake zama majalisa ina bugun ƙirji, mutane suna cewa, "Haka ne."

Likita ya cire mini yana ɗaya daga ido. Ta biyun 'yan gidana ne suka ɗinka mini, kuma ɗinkinsu ya fi nawa kyau.