Turaren Amyar Baba

Zuwa ga ƙanena Ilu, can Ikko.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Gaisuwar ke nan, kada ka sa ran ƙari. Ni ke faɗa, 'yata Saude ke rubutawa, kuma na ce ta sa inda jama'a za su gani, tunda ka daina ɗaukar wayata.

Ɗorawar Baba ta gonar Darki ta yi fure. Na saƙa amya, na shafe ta da kashin shanu, na ɗora. Bana ma ƙudan zuma ya zo, ya zagaya, ya wuce. Ka san dalili.

Baba raba mana sana'arsa ya yi: ni saƙa, kai turare. Kai yake ja daji tonon saiwar da ake turara amya da ita. Yakan ce, "Ba ruwan zuma da kyan saƙa, ƙamshi yake bi." Ka tafi da sunan saiwar nan a bakinka. In na tambaya sai ka yi dariya, wai zumar kwalba ta cika kasuwa.

Na gwada ɗaɗɗoya, na gwada tazargade, har da kakin zuma. Ƙadangare ne ya tare a ciki.

Kwanaki na ji a rediyo, wai ƙudan zuma ba shi da hanci. Da 'yan ƙahonnin nan biyu yake shinshina, su miƙa wa ƙwaƙwalwar da ba ta wuce ƙwayar riɗi ba. Ita ke tantance kowane ƙamshi, in ta haɗa shi da daɗi sai ta riƙe. Ƙwayar riɗi fa, Ilu! Kai da wannan ƙaton kan naka, hanyar gida Wudil ta gagare ka.

Ni ban san sunan ba, amma na san ƙamshin. A rigarka nake jin sa in kun dawo, ka kwanta a gefena kana rawar sanyi, in ja maka mayafina.

To, hancina ya fara mutuwa. Jiya miya ta ƙone a gabana ban ji ba. In ka wuce bana, ko ka turo sunan, babu mai shaida saiwar ce ko ba ita ba.

Allah ya jiƙan Baba. Allah ya karya taurin kanka ya bar nawa, ya kawo ka kafin furen ya zube.

Yayanka, ko ka so ko ka ƙi,
Ɗanladi Mai Amya